Me maganaɗisun Mushtari da Zuhal ke tonawa game da cikinsu?

Ɗalibar Fiziks, Kabuga

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Tambayata a kan manyan duniyoyin nan huɗu ce: Mushtari, wato Jupita, da Zuhal mai zobba, da Yuranus, da Neftun. Littattafai suna zana cikinsu hawa-hawa kamar an yanka albasa, a ce nan haidirojin ne mai kamar ƙarfe, nan ƙanƙara, nan dutse. Amma na'urar da kumbon Galileo ya jefa cikin Mushtari a 1995 kilomita 150 da 'yan kai kawai ta nutsa ta mutu, alhali daga saman gajimare zuwa cibiya ya haura kilomita 71,000. To an ce filin maganaɗisu na cikin abin da ake karanta cikin da shi. Ta yaya? Ina son matakan lissafin kansu, ba "masana sun gano" kawai ba. Sannan me ya sa maganaɗisun Zuhal yake a miƙe sak, na Yuranus da Neftun kuma a karkace kamar hular ɗan gayu? Allah ya saka da alheri.

Malamin Sakandare, Gwale

Wa'alaikumus salam. Malama, fara da cire hoton sandar maganaɗisu daga ranki. Ƙarfe yana rasa maganaɗisunsa in zafi ya kai digiri 770 a ma'aunin Salshiyas, cikin waɗannan duniyoyi kuwa dubban digiri ne. Ba wani dutse mai maganaɗisu da ke kwance a ciki. Ko da a ce an gaji filin ne tun farkon halitta, da tuni ya mutu, domin wutar lantarkin da ke riƙe shi tana tsiyayewa ta zama zafi. A duniyarmu shekaru dubu goma-goma sun isa ya ƙare in ba a ciyar da shi. Ke nan duk inda aka ga fili mai ƙarfi, akwai injin da ke haifar da shi yanzu-yanzu. Shi ake kira dainamo.

Masu gyaran janareta a Sabon Gari sun san rabin labarin. Janareta yana tashi ne da ɗan ragowar maganaɗisu a jikin rota: kwayil ya juya a cikinsa, wuta ta samu, wani ɓangaren wutar ya koma ya ƙara wa maganaɗisun ƙarfi, haka har ya cika. A cikin duniya babu kwayil, ruwa mai ɗaukar lantarki ne ke motsi yana jan layukan filin, yana miƙe su, yana murɗe su. Abu uku ake bukata: ruwa mai ɗaukar lantarki, motsi irin na tukunyar kunu a kan wuta inda mai zafi ke tasowa mai sanyi ke nutsewa, da juyawar duniyar da ke tsara motsin. Akwai ma'auni: a ninka gudun ruwan da kaurin yankin da iya ɗaukar lantarkinsa, a samu lambar da ake kira lambar Reynolds ta maganaɗisu. In ba ta kai wajen 50 ba, filin yana tsiyayewa fiye da yadda ake haifar da shi.

To wane ruwa ne ke ɗaukar lantarki a Mushtari, alhali kusan duka haidirojin da hiliyam ne? Tun 1935 Wigner da Huntington suka lissafa cewa haidirojin zai koma kamar ƙarfe in an matse shi sosai. A 1996 aka gwada a ɗakin bincike na Livermore a Amurka: a matsin da ya ninka na iskarmu sau miliyan 1.4 da zafi wajen digiri 3,000 a ma'aunin Kelbin, haidirojin mai ruwa ya ɗauki lantarki kamar narkakken ƙarfe. Bai kai tagulla ba, ta fi shi kusan sau 300, amma da yake faɗin yankin dubban kilomitoci ne, ya isa har ya yi yawa.

Shaidar farko ta filin Mushtari ma ba kumbo ne ya kawo ta ba. A 1955 Burke da Franklin suka tsinci sautin rediyo daga Mushtari a kan mita megahaz 22. Elektiron da ke kewaya layin maganaɗisu yana fitar da rediyo a kan megahaz 2.8 ga kowane gaus ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin filin maganaɗisu. Rediyon Mushtari yana yankewa a kusa da megahaz 40. Raba 40 da 2.8, ki samu gaus 14. An san ƙarfin filin a wurin da rediyon ke fitowa tun kafin kumbon Pioneer 10 ya wuce ta can a 1973. Don kwatanci, a ikwaitar Mushtari filin wajen gaus 4.2 ne, a nan Kano kuwa wajen sulusin gaus ɗaya. Da maimaituwar wannan rediyon aka ƙayyade tsawon ranar Mushtari ta ciki: awa 9, minti 55, sakan 29.7. Gajimare ba ya ba da wannan, domin kowane layinsa da gudunsa.

Mai Lissafi, Rijiyar Zaki

Malam ya share fage. Ga matakan da kika nema, da wuraren da ake tuntuɓe.

Da farko aunawa. Kumbon Juno ya tashi a watan Agusta 2011, ya shiga kewayen Mushtari a Yuli 2016, yana bi ta kan ƙarshen arewa da na kudu na duniyar, yana saukowa har wajen kilomita 4,000 daga gajimare, farkon zagayensa duk kwana 53. Na'urorin auna maganaɗisu biyu ne, an ɗora su a ƙarshen ɗaya daga fukafukan sola, ɗaya a mita 10 ɗaya a mita 12 daga jikin kumbon. Dalilin yin biyu: kumbon kansa yana da batir da wayoyi masu fitar da nasu filin. Abin da ya bambanta tsakanin ta kusa da ta nesa na kumbon ne, sai a cire shi. Kusa da su akwai kyamarorin da ke duban taurari, domin auna ƙarfi kawai bai isa ba, sai an san ainihin inda kibiyar filin ta nufa. Kuskuren kusurwa ɗan ƙanƙani a filin gaus 10 yana haifar da ƙaryar da ta fi ƙananan siffofin da ake nema girma.

Na biyu, tace abin da ba na ciki ba. Io, ɗaya daga watannin Mushtari, yana zubar da kusan tan ɗaya na iskar aman wuta kowane sakan, wannan ya zama faifan wutar lantarki da ke kewaye Mushtari, kuma yana da nasa filin. In ba a cire shi daidai ba, sai ya ɓuya cikin lissafin a ɗauka na ciki ne.

Na uku, rarraba filin mataki-mataki. Mataki na 1 shi ne mai kai biyu, arewa da kudu, irin na sandar maganaɗisu. Na 2 mai kai huɗu, na 3 mai kai takwas, haka siffofin ke ƙara ƙanƙancewa. Kowane mataki n yana da lambobi 2n+1, jimillarsu har zuwa mataki n ita ce n(n+2). Taswirar farko ta Juno, daga zagaye tara, ta tsaya a mataki na 10, lambobi 120. Wadda aka yi daga zagaye 33 ta ba da bayani mai amfani har mataki na 18, lambobi 360.

Abin da ya sa dole a matso kusa shi ne kowane mataki yana raguwa da nisa da ƙarfin n+2. A nisan da ya ninka rabin faɗin duniyar sau biyu, mai kai biyu ya ragu zuwa ɗaya cikin 8. Mataki na 10 ya ragu zuwa ɗaya cikin 4,096. Daga nesa kowace duniya kamar sanda mai kai biyu take, asirin yana cikin ƙananan matakan da ke ɓacewa.

Na huɗu shi ne zuciyar maganar. A lissafa ƙarfin kowane mataki a saman duniyar: a tara murabba'in lambobinsa, a ninka da n+1. A zana logarizim ɗin sakamakon a kan lambar mataki. Za a ga layi kusan miƙaƙƙe yana gangarowa. Tunanin da Lowes ya kawo a 1974 shi ne, a bakin dainamo kansa ƙarfin matakan kusan ɗaya ne, gangarar da muke gani nisa ne ya jawo ta. Daga mataki zuwa na gaba ƙarfin yana raguwa da murabba'in r/a, inda a shi ne rabin faɗin duniyar, r kuma na dainamo. Saboda haka: a raba ƙarfin kowane mataki da na wanda ya gabace shi, a ɗauki tushen murabba'in wannan adadi, shi ne r/a, daga nan a san zurfin.

Gwada da tamu duniyar. Kowane mataki wajen 0.3 ne na wanda ya gabace shi. Tushen 0.3 ya kusa 0.55. Masu nazarin girgizar ƙasa, ta hanyarsu dabam, sun sami bakin narkakken ƙarfe a kilomita 3,480 daga cibiya, cikin 6,371. Raba ki gani, 0.55. Wannan dacewar ce ta sa ake amincewa da hanyar. A Mushtari rabon wajen 0.66 ne, tushensa 0.81. Wato saman dainamo yana wajen kashi 81 cikin 100 na rabin faɗin, kusan kilomita 13,500 ƙarƙashin gajimare.

Ga inda ake zamewa. Kada a saka mataki na 1 cikin jan layin, kullum yana tsayawa sama da sauran, yana karkatar da shi. Kada a saka matakan ƙarshe da ba su tabbata ba, domin hanyar daidaita lissafin tana danne su, sai gangarar ta yi tsanani, dainamon ya fito da zurfin da ba nasa ba. Taswirar zagaye tara ta ba da amsa sama da 0.81, sai da aka sami ƙarin matakai ta sauko. Kuma kada a yi gangancin "saukar" da taswirar ƙasa da bakin dainamo. Lissafin yana aiki ne kawai inda babu wutar lantarki mai gudana, kuma yana kumbura kuskure: a 0.81, kuskuren mataki na 18 ya ninka kusan sau 68.

Wani alheri da Mushtari ya fi mu da shi: a nan, duwatsun ɓawon ƙasa suna da nasu maganaɗisu, suna rufe na cibiya daga mataki na 14 zuwa sama. Mushtari ba shi da ɓawo. Ana ganin dainamonsa dalla-dalla fiye da namu.

Abin da aka gani kuwa ya ba da mamaki. Kudancinsa kusan mai kai biyu ne lafiya lau. A arewa filin yana fitowa ne ta wani siririn ɗamara, sannan kusa da ikwaita akwai wani tabo da filin ke komawa ciki da ƙarfi, wanda aka raɗa wa Babban Shuɗin Tabo. Ba shuɗi ba ne a ido, launin taswira ne kawai, kuma ba shi da alaƙa da Jan Tabon gajimare. Dainamo a ruwa mai gauraye ɗaya ba ya saurin ba da wannan bambancin arewa da kudu. Shi ya sa ake zargin cikin yana da hawa: ko shimfiɗar da hiliyam ke rabuwa da haidirojin, ko cibiyar da ta narke ta bazu, wadda awon jan nauyi na Juno ya nuna tun 2017.

Ɗalibar Fiziks, Kabuga

Na gode Malam, Allah ya ƙara basira. Ke nan zan iya cewa a 0.81 ne haidirojin ke komawa ƙarfe? Kuma in an yi wa Zuhal wannan lissafin, me ke fitowa?

Malama Mai Ritaya, Tarauni

'Yata, kada ki rubuta haka a jarrabawa. Lambar 0.81 tana nuna inda ruwa mai motsi yake daina sarrafa filin, ba inda haidirojin ya sauya hali ba. Sauyin ba katanga ba ne. Ɗaukar lantarkin yana hawa a hankali tun daga wajen 0.95, yana ninkuwa da sauri da zurfi, ya kai na ƙarfe a kusa da 0.9 ko ƙasa kaɗan. To in ruwan ya riga ya zama mai ɗaukar lantarki a can, me ya hana dainamon kaiwa can? Amsar da ta fi zama a raina ita ce akwai shimfiɗar da ke ɗaukar lantarki amma ba ta tafasa. Ratar da ke tsakanin lambobin biyu ita kanta bayani ce.

A Zuhal wannan shimfiɗar ce ma gaba ɗaya labarin. Filinsa wajen gaus 0.21 ne a ikwaita, bai kai na Kano ba. Pioneer 11 ya fara auna shi a 1979. Daga Afrilu zuwa 15 ga Satumba 2017, kumbon Cassini ya ratsa tsakanin duniyar da zobenta na ciki sau 22 kafin ya faɗa cikinta. Sakamakon: karkatar maganaɗisun daga sandar juyin duniyar bai kai digiri 0.007 ba. Na Mushtari da namu duk wajen digiri 10 ne.

Matsalar ita ce tun farkon shekarun 1930 Cowling ya tabbatar a lissafi cewa dainamo ba zai iya riƙe filin da yake daidai ta kowane gefe na sandar juyi ba. Dole a sami karkata ko ƙulli a wani wuri. Ke nan abin da Cassini ya gani ba fuskar dainamon ba ce, an sa mata mayafi.

Stevenson ne ya kawo bayanin mayafin a farkon shekarun 1980. Zuhal ya fi Mushtari sanyi a ciki. A wani yanki na matsi da zafi, hiliyam ba ya narkewa cikin haidirojin mai ƙarfe, yana ware kansa ɗigo-ɗigo kamar man gyaɗa a ruwa, sai dai shi nutsewa yake don ya fi nauyi. Wannan yana barin shimfiɗar da ƙasanta ya fi samanta nauyi, kamar gasarar da ta kwanta a ƙasan roba: zafi daga ƙasa ba ya iya juya ta. Amma tana ɗaukar lantarki, kuma sassanta suna zagayawa da gudu daban-daban. Yanzu ki sa kanki a matsayin wani ɗigo a cikin shimfiɗar. Ɓangaren filin da yake daidai ta ko'ina ba ya sauya miki komai duk inda kika zaga, sai ya wuce abinsa. Ɓangaren da ke da ƙulli kuwa, kina ganinsa yana hawa yana sauka kamar wutar gida mai kai da komo, sai ya tayar da wutar da ke kashe shi a cikin shimfiɗar. Daga ƙanƙantar karkatar aka lissafa cewa kaurinta ya haura kilomita 2,500. Don haka in kika ja layin Lowes a Zuhal, ki sani matakan da kike tarawa an riga an tace su, amsar ba ta da tsabtar ta Mushtari.

Wannan miƙewar ta jawo wata wahala. Filin da ba shi da karkata ba ya nuna juyawa, kamar faifan da ba tabo a jikinsa. Rediyon da kumbon Voyager ya ji ya ba da awa 10 da minti 39. Cassini ya je ya ji awa 10 da minti 45, kuma yana sauyawa, arewa dabam kudu dabam. Duniya mai wannan nauyin ba ta rage gudu da minti shida cikin shekara ashirin da 'yan kai, rediyon ne yake bin iskar sama ba cikin ba. Sai a 2019 aka sami awa 10, minti 33, sakan 38, daga igiyoyin da girgizar cikin Zuhal ke tayarwa a zobbansa. Minti shida ba wasa ba ne: lissafin siffar ciki daga jan nauyi yana dogara da saurin juyi, in ya kauce, nauyin cibiyar da za a fitar ma ya kauce.

Igiyoyin zobban nan sun ƙara nuna, a 2021, cewa wajen kashi 60 cikin 100 na rabin faɗin Zuhal daga cibiya ba ya tafasa yadda aka zata. Ƙasa a kwance, sama da mayafi: wurin da ya rage wa dainamon ya matse, kuma har yau ana kai ruwa rana a kan inda za a ajiye shi.

Shaidar ruwan hiliyam a Mushtari kuwa na'urar Galileo da kika raina ce ta kawo ta. Ta tarar da iskar niyon ta ragu kusan sau goma daga yadda ake tsammani, kuma niyon yana narkewa cikin ɗigon hiliyam ya nutse tare da shi.

Injiniyan Lantarki, Sharaɗa

Hajiya ta gama da Zuhal. Bari in ɗauki sauran biyun, amma da gargaɗi: duk abin da aka auna a kusa da su daga wucewa ɗaya-ɗaya ne na Voyager 2, Yuranus a 24 ga Janairu 1986, Neftun a 25 ga Agusta 1989. Layi ɗaya aka ja ta gefen kowace. Da layi ɗaya ba a samun mataki 18, da ƙyar ake riƙe uku, su ma lambobin suna jingine da juna.

A Yuranus karkatar digiri 59 ce, a Neftun 47. Littattafai suna ƙara cewa maganaɗisun ya goce daga cibiya, da kusan sulusin rabin faɗi a Yuranus, da 0.55 a Neftun. Wannan zancen yana ɓatar da ɗalibai. Ba wata sanda da aka tura gefe. Gocewar hanya ce ta taƙaita cewa mai kai huɗu da mai kai takwas suna da ƙarfin da ya kai, ko ya fi, na mai kai biyu a saman duniyar. Shi ya sa a Yuranus filin ke tashi daga wajen gaus 0.1 a wani gefe zuwa 1.1 a wani. Da aka ga na Yuranus an yi zaton an riske shi ne yana tsakiyar juyewa, irin yadda namu ke musanya arewa da kudu. Da Neftun ya fito da irinsa bayan shekara uku, wannan zaton ya yi rauni.

Bi hanyar Mai Lissafi: in manyan matakai ba su ragu sosai ba a sama, tushen yana kusa da sama. Kuma ruwan ba haidirojin mai ƙarfe ba ne, domin a zurfin da matsi ya isa, haidirojin ɗin ya riga ya ƙare, an shiga cakuɗen ruwa da amoniya da methen mai zafi. A nan ƙwayoyin suna farfashewa, ayon, wato gutsattsarinsu masu caji, ne ke ɗaukar wutar, kamar ruwan batir, ba elektiron kamar waya ba. Ɗaukar ta fi rauni nesa ba kusa ba.

A 2004 Stanley da Bloxham suka nuna a kwamfuta cewa in dainamo yana cikin ɓawo siriri, ƙarƙashinsa kuma ruwa ne a kwance da ba ya tafasa, filin yana fitowa da kawuna da yawa, irin wanda Voyager ya gani. In ɓawon ya yi kauri, juyin duniya yana jera motsin ruwan tsaye-tsaye kamar ginshiƙai, su haɗu su ba da kai biyu. A siririn ɓawo ginshiƙan ba su da wurin haɗa kai. Me ya kwantar da cikin? Zato biyu ne a gaba. Ɗaya ƙanƙara mai zafi: a matsin da ya ninka na iskarmu sama da sau miliyan ɗaya, oksijin yana daskarewa a jere, haidirojin yana yawo a tsakaninsa kamar ruwa, kuma an samar da ita da leza a gwaje-gwajen 2018 da 2019. Ɗayan kuma rabuwar cakuɗen gida biyu, mai ruwa a sama yana tafasa, mai kabon da naitirojin a ƙasa a kwance. Filin maganaɗisu shi kaɗai ba zai raba gardamar ba, domin ba ya ganin abin da ke ƙasa da dainamo, sai dai ya ce akwai shi.

Ga abin da ni nake ganin ya fi ɗaure kai: Neftun yana fitar da zafin da ya ninka wanda yake samu daga rana sau biyu da rabi da ɗoriya, Yuranus kuwa ɗan kaɗan ya ɗara abin da yake karɓa. Wutar murhu dabam, tuwo iri ɗaya. Duk bayanin da bai warware wannan ba, da saura. Shi ya sa rahoton masana kimiyyar duniyoyi na Amurka na 2022 ya sa kumbon da zai zagaya Yuranus a kan gaba cikin manyan ayyuka.

Mai Lissafi, Rijiyar Zaki

Abu biyu na bari a baya.

Iska. Layukan gajimaren Mushtari suna gudun da ya kai mita 100 a sakan. Awon jan nauyi ya nuna suna nutsewa wajen kilomita 3,000, na Zuhal wajen 9,000. Me ya tsayar da su a nan? A duka biyun, zurfin ya zo daidai da inda haidirojin ya fara ɗaukar lantarki. Iska mai wannan gudun in ta shiga can za ta tayar da wutar da zafinta zai fi duk zafin da duniyar ke fitarwa, abin da ba zai yiwu ba. Zuhal ya fi sauƙin nauyi, matsinsa yana hawa a hankali, shi ya sa nasa ya ninka sau uku. An ma ga wutsiyar iskar tana aiki: da aka gwada awon Juno da na Pioneer da Voyager, an tarar filin ya sauya, musamman a Shuɗin Tabo, wanda ake ja gabas da gudun santimita kaɗan a sakan.

Sai gwajin da za ki iya yi da waya, don ganin yadda matakai ke ɓacewa. Ki sauke manhajar da ke nuna awon maganaɗisu ta fuska uku, a mikrotesla. Ki yi a tsakar gida a kan tabarma ko teburin katako, nesa da rodin siminti, fanka da ƙofar ƙarfe. Ba maganaɗisu a kusa za ki ga jimilla wajen 34, kusan duka a kwance ta nufi arewa, domin Kano tana dab da ikwaitar maganaɗisu. Rubuta lambobin uku. Nemo inda na'urar take a jikin wayar ta hanyar zagaya ƙaramin ƙusa a bayanta har lambar ta yi tsalle, daga nan za ki riƙa auna nisa, zuwa tsakiyar maganaɗisun ba bakinsa ba. Ajiye ƙaramin maganaɗisu a santimita 10, sannan 20, a layi ɗaya ba tare da juya shi ko wayar ba. A kowane awo ki cire lambobin farko fuska da fuska kafin ki haɗa jimilla. In kika cire jimilla daga jimilla, amsar za ta lalace. Ya kamata na 20 ya zama kusan ɗaya cikin 8 na na 10.

Yanzu manna biyu masu girma ɗaya gefe da gefe, kan ɗaya a wutsiyar ɗaya. Kin yi mai kai huɗu, rabon ya kamata ya koma wajen ɗaya cikin 16. Mafi yawan lokaci za ki sami 11 ko 12, domin maganaɗisun kasuwa ba sa zuwa da ƙarfi ɗaya, ragowar mai kai biyu tana nan, kuma ita ke rinjaye da kin ja baya. Kada ki kawo su ƙasa da santimita 5, na'urar tana cika ta daina ƙirga daidai, kuma kamfas ɗin wayar zai rikice sai kin sake saita shi.